Zuwa gida Jalingo daga Kudu: abin da ya sa tafiyar mako biyu ta fi ta kwana uku riba

Duk lokacin da Sallah ta matso, labarin ɗaya ne a tashoshin Agege, Mile 12, Sabo ta Ibadan, Anacha da Fatakwal. Kuɗin mota ya tashi, kujera ta yi wuya, kowa yana so ya isa gida kafin a hau idi. Mutumin Taraba kuwa nasa ya fi na kowa nauyi, domin hanyarsa tana cikin mafiya tsawo a ƙasar nan. Zai kwashe kwana biyu a mota, ya yi kwana uku a gida, ya sake kwashe kwana biyu a dawowa, ya iso Kudu aljihu wayam, jiki duk ciwo, ga shi bai gama gaishe-gaishe ba balle ya taɓa wani aikin da ya kai shi.

Wannan bayani na mazauna Kudu ne da gidansu yake Jalingo ko wani gari a Jihar Taraba, da kuma 'yan kasuwar da suke zuwa can saro kaya. Maganar a taƙaice ita ce: kuɗin hanya da wahalarta ba sa raguwa don ka yi zaman kwana uku, ba sa ƙaruwa don ka yi na mako uku. Saboda haka zuwa ɗaya mai tsawo, wanda aka tsara shi tun da wuri, ya fi zuwa biyu ko uku na a-taɓa-a-juyo.

Nisan da ake magana a kai

Daga Legas zuwa Jalingo ya haura kilomita 1,000 ko ta wace hanya aka bi. Hanyoyin da direbobi suka fi bi su ne waɗannan.

Daga Legas da Ibadan ana bi ta Akure, Owo da Okene. Daga nan wasu su ratsa ta Ajaokuta, Anyigba, Ankpa da Otukpo su fito Gboko. Wasu kuma su wuce Lokoja zuwa Abuja, su bi Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurdi, su ma su fito Gboko. Daga Gboko hanya ɗaya ce: Katsina-Ala, Zaki Biyam, Wukari, sai Jalingo.

Daga Anacha, Owerri, Aba, Fatakwal da Inugu ana bi ta Obollo Afor da Otukpo, a haɗe da waccan hanya ta Gboko. Mutanen Kalaba da Uyo kuwa suna hawowa ta Ikom da Ogoja su faɗo Katsina-Ala.

Akwai kuma hanyar sama, ta Jos, Bauchi, Gombe da Numan, wadda take shigowa Jalingo ta arewa. Ta fi nisa ga mai tasowa daga Kudu, amma wasu direbobi suna zaɓenta idan ta ƙasa ta lalace ko an sami matsalar tsaro.

Daga Wukari zuwa Jalingo kusan kilomita 200 ne, kuma a kan wannan titi ake wuce Ɗan Anacha, Tella, Mutum Biyu da Iware. A daminar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke wannan hanya a ƙaramar hukumar Gasol, abin da ya tilasta wa matafiya tsallaka ruwa a jirgin fito ko yin dogon zagaye. Don haka kafin ka biya kuɗin kujera, ka tambayi direba ko ɗan kamasho ta inda motarsu take bi a wannan makon, da kuma inda za a kwana.

Mai halin hawa jirgin sama sai ya bi ta Abuja. Jalingo tana da filin jirgi mai sunan tsohon gwamna Danbaba Suntai, amma sufuri a cikinsa yakan tsaya ya dawo, shi ya sa wasu suke sauka a Yola su ƙarasa a mota ta Mayo Belwa da Zing.

Mu yi lissafi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Farashin kujera yana sauyawa daga tasha zuwa tasha, daga wata zuwa wata, saboda haka bari mu ɗauki adadi na misali kawai don lissafin ya fito.

A ce zuwa da dawowa, da abincin hanya, da kuɗin kaya, sun ci maka naira 100,000. In ka yi kwana 3 a gida, kowane kwana ya tsaya maka a kan sama da naira 33,000. In ka yi kwana 14, ya koma wajen naira 7,000. In ka yi kwana 21, bai kai naira 5,000 ba. Kuɗin da ka biya ɗaya ne, abin da ka samu da shi ne ya bambanta.

Haka lissafin kwanaki yake. Tafiyar mako guda, kwana 4 na hanya ne, 3 na gida: fiye da rabin lokacinka ya ƙare a kujerar mota. Tafiyar kwana 18, kwana 4 ɗin nan dai su ne na hanya, 14 na gida. Sannan kar a manta, ranar da ka isa ba ranar aiki ba ce, ta barci ce da sauke gajiya, ranar jajiberin tafiya kuma ta haɗa kaya ce da sallama. Wato mai kwana uku, a gaskiya kwana ɗaya ne cikakke a hannunsa.

Wanda ya saba zuwa sau uku a shekara, ƙaramar Sallah, babbar Sallah da wani biki, in ya mayar da su zuwa ɗaya ko biyu masu tsawo, ya rage kuɗin hanya, ya rage kwanakin da shagonsa yake rufe saboda hanya kawai, ya kuma rage yawan sa kansa a haɗarin titi. Wannan na ƙarshe ba a saka shi a lissafin naira, amma duk wanda ya san hanyar nan ya san nauyinsa.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja saro goro ba su san tafiyar kwana uku ba. Ayari yakan yi watanni a hanya, ana saye ana sayarwa a kowane zango, a isa Salaga a zauna sai kaya sun kammala. Haka 'yan cin rani: a tashi bayan girbi, a dawo da faɗuwar ruwan fari. Zangunan Hausawa na Kudu, irin Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, sun ginu ne a kan wannan tsari, inda baƙo mai shanu ko mai sayen goro yake sauka a wurin maigida ya zauna har cinikinsa ya faɗa.

Ita kanta ƙasar Taraba ta daɗe a kan hanyar fatauci. A Wukari akwai Abakwariga, jikokin Hausawan da suka zauna cikin Jukunawa tun zamanin da. Ibi, a bakin Binuwai, babbar tashar jiragen ruwa ce a zamanin kamfanin Turawa na Neja. Jalingo kuwa Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a 1893 a matsayin sansani kusa da Kona, daga baya ta zama mazaunin masarautar Muri, sannan ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba.

Mota ce ta zo ta gajarta mana hanya, sai muka ɗauka za a iya zuwa a juyo kamar mai zuwa unguwa. Yanzu da tsadar mai ta dawo da nisan, dabarar mutanen da ta sake zama mai amfani: in za a yi doguwar tafiya, a ɗora mata buƙatu da yawa.

Ayyukan da sai ranar aiki

Babbar matsalar zuwan Sallah ita ce hutun da gwamnati take bayarwa yawanci kwana biyu ne, kuma a ranakun nan ofisoshi, kotuna da bankuna duk a rufe suke. Mutum ya zo daga Legas da niyyar gyara takardar fili, ya tarar da ƙofa a garƙame, ya koma, sai baɗi. Ga irin ayyukan da suke buƙatar ka kasance a gari Litinin zuwa Juma'a, wani lokaci fiye da mako ɗaya:

Takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yaran da aka haifa a Kudu suna buƙatarta wajen neman jami'a, aikin gwamnati, soja ko ɗan sanda, kuma daga ƙaramar hukumar asali ake karɓa. Taraba tana da ƙananan hukumomi 16, wasunsu kamar Sardauna, Kurmi da Karim Lamido tafiya ce mai zaman kanta daga Jalingo. Yawanci sai an fara da mai unguwa ko dagaci da hakimi kafin a je sakatariya.

Maganar fili da gida. Duba iyaka, sa hannun shaidu, biyan kuɗin ƙasa da bin fayil a ma'aikatar filaye ba aikin yini ɗaya ba ne. Filaye da yawa na mazauna Kudu sun shiga rikici saboda mai su bai taɓa tsayawa a kansu da ƙafarsa ba, ta waya kawai yake jin labari.

Rabon gado. Tara magada, kiran malami, ƙiyasta dukiya, in ta kama a je kotu, duk suna son zama. Gadon da aka bari ba a raba ba shekara da shekaru shi yake raba zumunci.

Gini. Mai aiko da kuɗi ana masa gini ya fi kowa sanin amfanin ya zauna mako biyu yana ganin buhun siminti nawa ya shiga, bulo nawa aka buga. Abin da za ka gano a kwana goma kana wurin, ba za ka gano shi a hotunan WhatsApp na shekara ba.

Lafiyar iyaye. Kai tsoho ko tsohuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha yana nufin yankar kati, ganin likita, gwaji, jiran sakamako, sannan a koma. Da wuya a gama wannan a ƙasa da mako guda.

Makarantar yara. Mai son ɗansa ya yi karatu a gida yana da Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, wadda aka kafa a 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari ta 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bali, da Kwalejin Ilimi ta Zing. Zuwa da yaron a ga wurin, a san inda zai zauna da wanda zai sa masa ido, ya fi a tura shi shi kaɗai.

Tafiyar da take biyan kuɗin kanta

Ɗan kasuwa ba ya tafiya hannu rabbana. Taraba ƙasar noma ce da kiwo, kuma yawancin abin da take fitarwa Kudu yake nufa. Akwai doya a Zing, Ɗan Anacha da Wukari, ga kuma babbar kasuwar doya ta Zaki Biyam a Jihar Binuwai da take kan hanyarka. Akwai shinkafa a fadamun Gasol, Lau, Karim Lamido da Ibi. Akwai masara, riɗi, waken soya da gyaɗa a yankin Bali, Garba Chede da Mutum Biyu. Busasshen kifi yana fitowa daga garuruwan bakin kogi irin Ibi, Tella da Lau. Iware, kusa da Jalingo, ta yi suna da kasuwar shanu, inda ake lodin tireloli zuwa Kudu. Daga Mambila kuma ana samun ganyen shayi, zuma, fiya, ayaba da man shanu.

Abin lura shi ne kasuwannin ƙauye mako-mako suke ci, kowace da ranarta. Wanda ya zo kwana uku, in ya yi sa'a ya riski ɗaya, kuma dole ya saya a farashin da ya tarar domin gobe zai tafi. Dillalai suna gane mai sauri tun daga tafiyarsa. Mai mako biyu kuwa zai zaga a makon farko ya ji farashi, ya gane mudun da ake awo da shi da girman buhu, ya san wa ake yarda da shi, sannan ya saya a mako na biyu. Yana kuma da lokacin jiran motar da za ta ɗauki kayansa a haɗa da na wasu, maimakon ya yi shata.

A ɗaya ɓangaren, abin da za ka ɗauko daga Kudu ma yana son lokaci kafin ya shige: goro, atamfa da leshi, gwanjo, kayan gyaran mota da na waya. Wanda ya zo da kaya yana sauri, ko dai ya karyar ko ya bayar bashi ya tafi, kuma karɓar bashi daga nisan kilomita 1,000 kowa ya san yadda yake ƙarewa. Kafin ka ɗauko manja, ka tuna cewa Taraba ma tana yin nata a yankin Kurmi, don haka ka fara tambayar farashin can.

Ka sa kuɗin haraji da na shingayen hanya a lissafinka tun farko. Motar kaya tana ratsa jihohi da yawa kafin ta isa Legas ko Fatakwal, kuma wannan kuɗi yana iya cinye ribar wanda bai lissafa shi ba.

Wane lokaci ya fi dacewa

Damina a Jalingo tana farawa wajen Afrilu zuwa Mayu ta ƙare a Oktoba. Agusta da Satumba su ne watannin ambaliya da yankewar hanyoyin ƙauye. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani a Jalingo da duk kwarin Binuwai, wanda yaran da suka tashi a Legas ba su saba da shi ba.

Ga mai sayen amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin: an yi girbi, kaya sun cika kasuwa, hanya ta bushe, gari ya yi sanyi. Ga mai noma a gida, zuwa biyu ne masu amfani, lokacin shuka da lokacin girbi, kuma na girbin ya fi buƙatar idonsa. Ga mai tafiya da yara, dogon hutun makaranta na ƙarshen Yuli zuwa Satumba ya fi tsawo, amma ya faɗo cikin ruwa. Hutun Disamba ya fi daɗin hanya, sai dai gajere ne kuma mota tana tsada saboda Kirsimeti.

In Sallah ce dole, dabarar ita ce ka riga taro tashi, ka bar taro ya riga ka dawowa. Wanda ya tashi kwana goma kafin Sallah ya dawo mako guda bayanta, ya kauce wa tsadar kujera ta zuwa da ta dawowa, ya kuma sami ranakun aiki a gaba da baya.

A ga ƙasar ma

Da yawa daga cikinmu an haife mu a Taraba amma ba mu san ta ba bayan unguwarmu da tashar mota. Jihar tana cikin mafiya faɗin ƙasa a Najeriya, kuma in an riga an biya kuɗin zuwa Jalingo, ƙarin da za a kashe a ga sauran kaɗan ne a kan wanda zai taso musamman daga Kudu.

Tsaunin Mambila yana ƙaramar hukumar Sardauna. Daga Jalingo ana bi ta Garba Chede, Bali da Serti, a fara hawan dutse daga Mayo Selbe, a wuce Maisamari da Nguroje a isa Gembu. Tafiyar yini ce, don haka a ware mata aƙalla kwana huɗu. Tudun ya kai wajen mita 1,600 daga saman teku, sanyi ne kusan duk shekara, sai an tafi da rigar sanyi da bargo. A Kakara ake noman shayin Highland. Yankin yana cikin ƙasar da ta zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, kuma sunan ƙaramar hukumar na Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ne.

A kan wannan hanya, a Serti, ofishin Gandun Dajin Gashaka Gumti yake. Shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a yankinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, kuma da rani ake zuwa.

A kudancin jihar akwai Wukari, mazaunin Aku Uka, da Ibi inda ake bikin kamun kifi na Nwonyo. Wanda ba shi da halin nisa, ko a kusa da Jalingo akwai duwatsun Kona da na Yorro da Zing da za a kai yara su gani.

Don yara da uwargida

Yaron da aka haifa a Agege ko Aba yana jin Yarbanci ko Turancin buroka fiye da Hausa, balle Fulatanci, Mumuye ko Jukun na kakanninsa. Kwana uku ba sa isa ya daina ɓuya a bayan uwarsa in ya ga kakarsa. A mako na biyu ne yake fara fita wasa da 'yan uwansa, ya san wane ne baffa wane ne kawu, ya iya gaisuwa yadda ake yi a gida. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar sai ta tsaya.

Ita ma uwargida tana da nata dangin. A gajeriyar tafiya gidan miji yake cinye kwanakin duka, ta koma Kudu ba ta kwana ko ɗaya a ɗakin mahaifiyarta ba. In an tsara mako biyu ko uku, a raba kwanakin tun kafin a taso, kowa ya san nasa. Wasu magidanta sukan kai iyali su bar su su yi hutun duka, su su dawo bakin aiki, daga baya a haɗa iyalin da wani amintacce ya rako su.

Abin da dogon zama yake ci

Kar a ɗauka riba ce zalla. Dogon zama yana da nasa farashi, kuma gara a san shi tun kafin a tashi.

Na farko, neman kuɗinka na Kudu yana tsayawa ko ya ragu. Mai shayi, mai suya, ɗan acaba, mai gadi, mai canji, kowa yana da abokan cinikin da za su koma wurin wani in sun zo sau uku ba su gan shi ba. Maganin wannan shi ne tsarin da mutanenmu suka daɗe suna yi: karɓa-karɓa. Ɗan uwa ko yaron shago ya riƙe wurin, in ka dawo shi ma ya tafi nasa. A ƙirga kaya a rubuta a gaban shaida kafin a miƙa makulli, a kuma sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban layin kasuwa cewa wane ne yake riƙe da wurin. Kuɗin haya da na ƙungiya a biya su gaba.

Ma'aikacin kamfani ya san cewa dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba shi hutun aƙalla ranakun aiki 6 da albashi bayan ya cika wata 12 yana aiki, wurare da yawa kuma suna ba da fiye da haka. A nemi hutun a rubuce da wuri, a jingina shi da hutun Sallah da ƙarshen mako don ya yi tsawo. Mai gadi ko direban gida ya kawo wanda zai tsaya masa, wanda maigidan ya gani ya yarda da shi.

Na biyu, kashe kuɗi a gida. Duk wanda ya zo daga Kudu ana ganinsa da kuɗi, kuma kullum ya ƙara kwana buƙatu suna ƙaruwa. Ka ware kuɗin tsaraba da na alheri daban, ka raba su a kwanakin farko, in sun ƙare ka faɗi gaskiya. Kuɗin motar dawowa kuwa ka ajiye shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Mutane da yawa sun zo mako biyu sun yi wata biyu, ba don sun so ba, sai don kuɗin komawa ya narke.

Na uku, akwai zuwan da ba ya jiran tsari. Rasuwa ko ciwon iyaye in sun zo, tashi ake yi ko kwana ɗaya za a yi. Amfanin rage tafiye-tafiyen da ba dole ba shi ne a sami abin da za a yi wannan ta dolen da shi.

Hattara a hanya

Wanda yake da kwanaki a hannu ba ya buƙatar tafiyar dare. Yankin Katsina-Ala, Zaki Biyam, Wukari da Takum ya sha fama da fashi, satar mutane da rikicin ƙabilanci a shekarun baya, don haka a ratsa shi da rana. Gara a kwana a Makurdi ko Gboko a tashi da asuba. Masu tasowa daga jihohin Gabas su tuna da zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021, su duba halin da garinsu yake ciki kafin su sa ranar tafiya.

A riƙe katin shaida a jiki, a hau mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. A guji hawa saman tirela ko motar kaya don sauƙin kuɗi. Kada a ɗauki bindigar farauta, adda ko wani abin da za a kira makami a cikin kaya. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah, bai kamata ya fita daga ranmu ba. Kuɗi mai yawa a bar shi a asusu, a cire a can. Wani a gida da wani a Kudu su san motar da ka hau da inda kuka kai.

Misalin tsarin kwana 18

Ga yadda mutum zai iya shimfiɗa tafiyarsa. A tashi Alhamis a isa Juma'a. Asabar da Lahadi hutawa da gaida iyaye da na kusa. Makon farko, Litinin zuwa Juma'a, na ofisoshi ne da asibiti: a shigar da duk takardun da ake nema tun ranar Litinin, da yamma a zaga kasuwa a ji farashi. Ƙarshen makon na dangin nesa ne da gidan surukai, ko ƙauye. Mako na biyu a karɓo takardu da sakamakon asibiti, a yi sayayya, a ɗora kaya a mota. Mai son Mambila sai ya sa ta a nan, ko ya ƙara kwana huɗu. Juma'a a yi sallama, Asabar a kamo hanya, Lahadi a iso, Litinin a buɗe shago.

Kafin ka sayi tikiti, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da kake bin gida da abin da gida yake binka: takardar wane, filin ina, asibitin wa, gaisuwar rasuwar da ba ka je ba, kayan da za ka saro. Ka ƙirga ranakun aikin da suke buƙata, ka ƙara huɗu na hanya da biyu na hutawa. Adadin da ya fito shi ne tsawon tafiyarka. In halin bai kai ba a bana, ka aika da saƙo da tsaraba, ka tara kuɗin zuwa lokacin da zai kai.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa mu tarar da na gida cikin alheri.